Kama da Wane Ba Ta Wane

Saura kwana 12 Babbar Sallah muka zauna a ƙofar masallacin unguwarmu bayan sallar isha'i, mu 'yan kwamitin matasa, muna lissafin taron da muke shiryawa kowace shekara domin karrama dattawa da yaran da suka sauke Alƙur'ani. Kuɗin rumfa ya hau, na kujeru ya hau, mai lasifika ma ya aiko cewa farashin bara ya tafi da bara. Da aka zo kan fosta, ma'aji ya ce ƙanwarmu da ta saba zana mana ta nemi sidi 400, ban da kuɗin bugawa a New Town. Sai wani daga cikinmu ya yi murmushi, ya zaro waya, ya rubuta mata 'yan kalmomi da Turanci, ma'anarsu: Hausawan Ghana suna bikin Sallah. Kafin mai shayi ya gama haɗa kofi ɗaya, hoto ya fito.

Ba za mu ɓoye ba, hoton ya burge mu. Ga maza dogaye cikin manyan riguna masu sheƙi, ga rawuna farare tas, ga rana tana faɗuwa a bayan wani masallaci mai ƙubba ta zinariya. Waya ta yi ta zagayawa hannu zuwa hannu, kowa yana cewa masha Allah. Ma'aji har ya ɗauki biro zai soke sidi 400 daga lissafi.

A gefenmu akwai wani dattijo da ke jan carbi, maɗinki ne da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana yi wa manyan riguna aikin hannu. Muka miƙa masa wayar muka ce, "Baba, ku ga abin zamani." Ya nisanta ta da idonsa, ya sake matso da ita, ya daɗe bai ce komai ba. Can ya ce, "Su waye waɗannan?"

Muka ce, "Mu ne, Baba."

Ya ce, "Ku ne? To, Allah ya kyauta. Ni dai a Nima aka yanke mini cibiya, ban taɓa ganin raƙumi ya bi ta layinmu ba."

Sai a lokacin muka lura da raƙuma biyu a bayan mutanen, da tudun rairayi har iyakar gani. Baba ya sa yatsa a kan ƙirjin rigar ɗaya daga cikinsu. Ya ce aljihun babbar riga a hagu yake, askake suna sauka ta wajensa, tambari kuma yana zaune a dama, amma wannan an yi mata ado iri ɗaya dama da hagu kamar an kafa madubi a tsakiya. Ya ce zaren da ke jikinta ba ya zuwa ko'ina, babu inda allura ta shiga balle inda ta fita. Ya nuna rawanin, ya ce wannan naɗin bai san garinsu ba. Daga ƙarshe ya nuna wani rubutu a bangon masallacin, mai kama da Larabci. Malamin makarantar allo da ke tare da mu ya karɓa ya duba, ya ce babu kalma ko ɗaya a ciki, ƙiraƙiran layuka ne kawai masu siffar baƙaƙe. Ma'aji ya mayar da biro aljihu.

Domin mu yi wa na'urar adalci, ya kamata mu san yadda take aiki. Manhajojin ƙirƙirarriyar basira masu haɗa hoto daga rubutu sun bazu a duniya ne a shekarar 2022: DALL-E 2 a watan Afrilu, Midjourney a Yuli, Stable Diffusion a Agusta. Ana horar da su da hotunan da aka kwaso daga intanet, kowane hoto tare da ɗan bayanin da aka rubuta masa. Wani rumbu mai suna LAION-5B, wanda aka horar da Stable Diffusion da wani ɓangare nasa, ya tattara hotuna sama da biliyan 5 da miliyan 800, kuma fiye da biliyan 2 daga cikinsu bayaninsu da Turanci yake. A wajen horon ana ɗaukar hoto a yi ta yayyafa masa ɗige-ɗige har ya koma kamar fuskar tsohuwar talabijin idan tasha ta ɗauke, sannan a koya wa na'ura ta share ɗigon ta dawo da hoton. Idan ta maimaita haka sau miliyoyi sai ta ƙware, har ta iya farawa daga ɗige-ɗige zalla ta fito da hoton da bai taɓa wanzuwa ba, kalmomin da aka ba ta suna yi mata jagora.

Ke nan abin da ya fi yawa a rumbun shi yake rinjaye. Idan aka ce mata Musulmi da Sallah da Afirka, sai ta jawo abin da masu yawon buɗe ido da kamfanonin labarai suka fi ɗauka: Buzayen hamada, masallatan ƙasashen Larabawa, ayarin raƙuma. Hotunanmu kuwa suna cikin akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gadon kakanninmu, ko suna yawo a WhatsApp babu suna babu bayani. Na'urar ba ta yi mana ƙeta ba. An tambaye ta abin da ba ta sani ba, ita kuma ba a gina ta ta ce ban sani ba.

Wani zai ce, to mene ne a ciki? Fosta ce ta kwana biyu, ruwa ya dake ta ta yage. Ga jama'ar da suke da rinjaye a ƙasarsu, wataƙila haka ne. Mu kuwa batun yadda ake ganinmu tsohon ciwo ne. Kakanninmu sun bi hanyar Gwanja da fataucin goro tun kafin a shata iyakar da ake kira Ghana. Da yaƙin basasa ya watsa Salaga a 1892, suka bazu zuwa Kete-Krachi da Kumasi da sauran garuruwa. Alhaji Umaru Salaga, haifaffen Kano, a Kete-Krachi ya koyar har ya rasu a 1934. A nan Ankara, kamar yadda kakanninmu suke kiran Accra, Malam Baƙo ya kafa Sabon Zango a farkon ƙarni na 20. Harshenmu ya shiga tukunyar ƙasar nan, har wanda bai iya gaisuwa da Hausa ba yana sayen koko da safe, ya ci waakye da rana, ya nemi tuwon zafi da dare. Duk da haka, a watan Nuwamba na 1969 gwamnatin Dakta Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako 2 ya bar ƙasa, aka loda mutane a manyan motoci, cikinsu har da waɗanda ba su san wata ƙasa ba sai wannan. Akwai gidajen da har yau ba a ambaton wannan shekara sai murya ta yi ƙasa. Har gobe kuma wasunmu suna shan tambayar "kai ɗan ina ne na asali?" a gaban tebur idan sun je neman katin ɗan ƙasa.

Saboda haka hoton da ya ɗauke mu daga lungunan Nima da Mamobi ya ajiye mu a tsakiyar hamada ya faɗi abin da masu yi mana kallon baƙi suka daɗe suna faɗa. Abin da ya fi ba mu kunya shi ne saura ƙiris mu buga shi da kuɗinmu, mu liƙa a bangonmu, mu rubuta sunan unguwarmu a ƙasa.

A daren nan ne ɗaya daga cikinmu ya ba mu labarin abin da ya faru a gidansu. Suna da hoton kakansu guda ɗaya tak, wanda aka ɗauka a shagon mai hoto tun kafin a haifi iyayensu. Danshi ya ci gefensa, fuskar ta dusashe. Sai ya ɗauke shi da waya ya saka a wata manhaja mai gyara tsofaffin hotuna. Hoto ya fito tas, har da launi, ya biya aka buga aka sa a gilashi, ya kai wa kakarsa yana jiran sa albarka. Tsohuwa ta duba ta ce, "Wannan kyakkyawan mutum ne, amma ina billensa?" Marigayin yana da bille a kumatu. Manhajar ta ɗauka tsagar nan ƙarcewar takarda ce, ta shafe ta, ta kuma gyara masa hanci da ido daidai da fuskokin da ta saba gani. Tsohuwa ta miƙa masa gilashin ta ce ya dawo mata da nata mai tabon ruwa. Hausawa sun riga sun gama magana: kama da wane ba ta wane.

Sai dai laifi tudu ne, ka taka naka ka hangi na wani. Kafin mu tsine wa na'ura, mu tuna abin da muka yi wa masu buroshi. Waɗanda suka girma a shekarun 1980 da 1990 sun san masu zanen allon shago, waɗanda suke zana wa wanzami kawuna iri-iri a kan katako, su rubuta wa direban trotro taken motarsa. Sun san fostocin finafinai da ake zanawa da fenti a kan buhunan fulawa da aka ɗinke, masu gidajen bidiyo suna yawo da su gari-gari tare da talabijin da janareta. Da kwamfuta da injin buga manyan kyallaye suka zo, mu ne muka fara juya musu baya, muka ce na New Town ya fi sauri, ya fi araha, ya fi sheƙi. Da yawansu suka ajiye buroshi suka kama wata sana'a. Yau waɗannan buhunan fulawa suna rataye a gidajen baje kolin zane a Turai da Amurka, ana sayensu da kuɗi masu kauri, mu kuma da muka yi shimfiɗa da su sai dai mu gan su a intanet.

Ƙanwar tamu mai neman sidi 400 'yar wancan juyin ce. Ba ta taɓa riƙe buroshi don neman abinci ba. Da allon lantarki take zane, wani na hannu da ta saya a Circle, da alƙalaminsa na roba. Idan da kayan aiki ne ma'aunin daraja, da ita ma ba ta da abin cewa, domin abin da aka yi wa masu fenti da zuwan irinta shi ake shirin yi mata yanzu. Wannan ya tilasta mana mu tambayi kanmu abin da muke saya a wurinta wanda waya ba za ta ba mu kyauta ba.

Amsar ta zo mana a cikin kwana 4 da ta yi tana aikin, bayan mun koma mun ba ta haƙuri. Ranar farko ba ta zana komai ba. Ta zaga unguwa tana ɗaukar hoton rufin kwano da tsatsa ta ci, da wayoyin lantarki da suka sarƙe, da ragon da aka ɗaure a jikin turken fitila. Ta je wurin Baba maɗinki ta durƙusa ta gaishe shi, ta roƙi ya fito mata da tsohuwar riga mai aska takwas, ya shimfiɗa a tabarma yana nuna mata inda kowane aiki yake farawa. Ta tambayi gwaggonta yadda matan Zango suke ɗaura ɗankwali a zamanin ƙuruciyarsu da yadda 'yan mata suke yi yanzu. Ta karɓi allon zayyana na ɗaya daga cikin yaran da suka yi sauka ta kwaikwayi adon gefensa.

Da ta kawo zanen farko, Baba ya duba ya ce, "'Yata, kin juya mini riga. Tambarin nan ya koma hagu." Ta dafe kai ta ce ta manta cewa mutumin yana fuskantar mai kallo ne. Ta koma ta gyara. Wannan ɗan kuskure ya koya mana abu babba. Ita ma tana kuskure kamar na'ura, amma akwai ƙofar da za a ƙwanƙwasa a ce mata ta yi kuskure, ta ji kunya, ta gyara, kuma ba za ta sake juya tambari ba har abada. Idan fosta ta fito da abin da ya ci mutuncin unguwa, an san gidan ubanta. Wanda ya san za a tare shi a hanyar kasuwa a tambaye shi, da amana yake aiki.

Fostar da ta fito ba ta kai ta wayar sheƙi ba. Layi ne matsattse, da kwata a gefe, kamar yadda yake. Ga mai koko da ƙosai a bakin hanya, ga dattijo cikin babbar riga yana gaisawa da maƙwabcinsa mai batakari, ga hasumiyar babban masallacin Kanda can nesa, ga hadari ya haɗu a sama domin Sallar ta faɗo cikin damina. A gaba kuma yaro ne riƙe da allon zayyana. Mun lura ta yi adon allon ta bar tsakiyarsa fari. Da muka tambaye ta dalili, sai ta ce fosta ƙarshenta ƙasa ne, ana taka ta, ana ƙunshe gyaɗa da ita, ba za ta sa ayar Alƙur'ani a abin da zai faɗa kwata ba. Babu wanda ya gaya mata haka cikinmu. Tarbiyyar makarantar allo ce ta biyo ta har cikin allon lantarki. Na'urar da ta cika bangon masallaci da baƙaƙen bogi ba ta da inda za ta samo wannan ladabi.

Kada mu ruɗi kanmu da cewa na'urar za ta dawwama cikin jahilcinta. A farkon fitowarta ana yi mata dariya saboda tana ba mutum yatsu 6, yanzu da wuya a kama ta da wannan. Wata rana za ta iya aska takwas, ta ajiye tambari a dama. Amma daga ina za ta koya? Daga zanen irin su ƙanwarmu, wanda suke sakawa a Facebook da Instagram don neman masu saye. Kwana 4 na yawo da durƙuso da tambaya za su shige rumbu, a narkar da su, a sayar wa duniya, ita ko sannu ba za a ce mata ba.

Wannan ita ce rigimar da masu zane suke yi a ƙasashen da aka ƙera na'urorin. A watan Agustan 2022 wani mutum mai suna Jason Allen ya ci kyautar farko ta dala 300 a rukunin zanen kwamfuta na bikin baje kolin jihar Kolorado a Amurka, da hoton da ya haɗa da Midjourney, masu zane suka yi ca. A Janairun 2023 wasu mata uku masu zane, Sarah Andersen da Kelly McKernan da Karla Ortiz, suka kai kamfanonin Stability AI da Midjourney da DeviantArt kotu a Kalifoniya, suna cewa an horar da na'urori da ayyukansu ba da izininsu ba. A Satumbar wannan shekara kuma ofishin kare haƙƙin mallaka na Amurka ya ƙi yi wa hoton Allen rajista, bisa hujjar cewa doka aikin ɗan Adam take karewa. Waɗannan suna da lauyoyi da jaridu da ƙungiyoyi. Mai zane a Nima ko Aboabo ko Sabon Zango ba shi da kotun da za ta saurare shi sai mu, masu ba shi aiki.

Ba muna kira a jefar da waya ba ne. Zamani riga ne. Mai sayar da turare da ba ta da kuɗin mai zane, idan na'ura ta haɗa mata ɗan hoton talla, Allah ya sa albarka. Ƙanwar tamu ma ta gaya mana tana amfani da irin waɗannan manhajoji wajen goge bayan hoto da sauran ayyukan da suke cin lokaci. Abin da muka ɗauka wa kanmu a kwamiti kaɗan ne, muna kuma roƙon 'yan'uwa na sauran zangogi su duba ko zai yi musu. Duk hoton da zai tsaya a madadin fuskarmu, na taro ko na tarihi ko na littafin yara, ɗan unguwa za mu ba, mu biya shi ba tare da mun ce ai waya tana yi kyauta ba. Za mu rubuta sunansa a ƙasan aikin, domin masu buhun fulawa da yawa suna sa hannu a zanensu, shi ya sa har yau ake sanin na wane ne. Idan mun yaɗa hoton da na'ura ta haɗa, za mu faɗa cewa na na'ura ne, kada jikokinmu su tsince shi su ɗauka haka Nima take. Tsofaffin hotunan gida kuma, ko an gyara, a adana na asalin, a rubuta a bayansa sunan mai shi da garinsu da shekarar da aka ɗauka tun masu sani suna raye.

Mun san wannan ba zai cika wa mai zane tukunya ba. Ranar da ta kawo aikin, ƙanwar tamu ta gaya mana cewa gidajen biki biyu da wata makarantar Islamiyya da suka saba ba ta aiki ba su neme ta bana ba, ta kuma ga fostocinsu a bango, ta gane inda suka fito. Ta ce tana tunanin koyon ɗinki ko ta kama sayar da kaya ta intanet. Ba mu da amsar da za mu ba ta a ranar, sai dai ma'aji ya ƙirga mata kuɗinta cif, bai nemi ragi ba, abin da bai taɓa yi wa kowa ba.

An yi taro lafiya, ruwa ya sauko da la'asar kamar yadda ta zana. Washegari muka ga yara tsaye a gaban fostar da ta saura a bangon masallaci, suna gardama a kan ko mai kokon nan ita ce ta bakin layinsu ko ta layin baya. Baba maɗinki kuwa ya aiko a ba shi guda ɗaya wadda ruwa bai taɓa ba. Tana nan a shagonsa, ya kafe ta da ƙusa a saman keken ɗinki, kusa da kalandar Hijira.

Allah ya maimaita mana, ya sa albarka a hannun masu sana'a.